Liƙin da Na Je Yi a Lyon

Asabar, Paris zuwa Lyon

Na yi sallar asuba na rufe ɗakina a unguwar Goutte d'Or, akwatina cike da leshin da ban taɓa sawa ba da sarƙar gwal ɗina. Hadiza, 'yar ƙanena da ke karatu a Lyon, ita ta kira ni. Ta ce ita da abokanta suna rawar waƙoƙin Koriya suna ɗauka a bidiyo, wannan karon kuma za su sa al'adarmu a ciki.

"Gwaggo, duk Paris ba wadda ta kai ki iya liƙi. Ke muke so."

Kaina ya kumbura, ban ɓoye ba. Na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Barbès, na kama jirgin ƙasa na bakwai a tashar Gare de Lyon ta Paris. Awa biyu ce tafiyar. Burodi da kifin gwangwani na saya a ciki, yuro bakwai, abin da ko kyauta ba zan ba baƙo ba.

Lyon, bakin kogi

Hadiza ta tarbe ni a tashar Part-Dieu ta kai ni ɗakinta a unguwar Guillotière. Na yi awa guda ina ɗaurin ɗankwali. A bakin kogin Rhône muka sami yara wajen goma, gashi kala-kala, sun sa tabarau baƙi. Aka ba ni damin takardun kuɗi na bogi. Mai kyamarar, wata Bafaranshiya, sai cewa take in ƙara ɗaga kai, in ƙara yanga. Na ɗaga, na yi. Na manna musu a goshi yadda ake yi a biki, suna durƙusawa suna tsinta, masu wucewa suna ta dariya. Ni a zatona burge su na yi.

Da yamma muna cin shinkafa na ce a nuna mini bidiyon waƙar Koriyar ta asali. Na ga wani mutum cikin kwat mai ƙyalli yana watsa kuɗi, sai kyamara ta ja baya, ashe a kan tulin shara yake tsaye.

"Hadiza, mi wannan ke nufi?"

"Ai zambo ne, Gwaggo. Masu kuɗin birninsu suke yi wa, masu son a gani."

"To ni wace ce a naku?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba ke ba ce hwa, ɗabi'ar ce."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Liƙin nan da shi muke gaya wa uwar amarya ba ita kaɗai ba ce a ƙasar mutane. 'Yan Koriya su yi wa nasu zambo, su suka san su. Amma yarinyar da na goya ta ɗauko ni tun daga Paris, da kuɗin jirgina, ta mai da ni abin dariya. Na ce a goge bidiyon. Ta ce ai tun la'asar aka saka shi a intanet. Ban ƙara taɓa shinkafar ba.

Lahadi, komawa

Duk hanya ina tunanin da wane ido zan kalli matan unguwa. Ina fitowa metro a Barbès na ci karo da Hajiya Rabi mai turare, wadda ba a yin biki ba ta yi gasar liƙi da ni ba, waya a hannunta.

"Hajiya, sannu da hanya! Mun gan ki, wallahi kin fito! Amma don Allah ki ce wa ɗiyar nan taki ba ke kaɗai ke da leshi ba. Ba ni lambarta."

Na dube ta da kyau. Ba ta gane komai ba, yadda ni ma ban gane ba jiya. Na gode wa Allah da Ya dawo da ni gida lafiya, sannan na karanto mata lambar a hankali, sau biyu, kada ta yi kuskure.