Yadda Na Fitar da Mahaifina Daga Masaukinsa na Ƙarshe

A lokacin ni dillalin masara ne a kasuwar Bakori, kuma sana'ar ta koya mini mugun hali: ban yarda da saman buhu ba sai na zura hannu har ƙasa. Haka nake yi wa hatsi, haka nake yi wa mutane.

Da ciwon daji ya ci ƙarfin mahaifina, likita a Funtua ya ce magani ya ƙare, saura rage masa raɗaɗi. Ya tura mu wani ɗan gida kusa da Malumfashi, inda wata tsohuwar nas, Kirista, take kula da irin waɗannan majinyata kyauta. Kyautar ce ta fara tsaya mini a rai, na ce ruwa ba ya tsami banza. Na tsare ta da tambaya, wane irin asibiti ne wannan da ba a sallamar kowa? Ta ce ba asibiti ba ne, hosfis ake ce masa. Asalin kalmar, in ji ta, masaukin baƙi ne da ake ginawa a bakin hanya a ƙasashen Turai tun zamanin da, domin matafiya da masu ziyarar ibada. Wanda ciwo ya kayar a hanya nan ake jinyarsa. Daga baya sunan ya koma kan gidan da ake sauke wanda tafiyarsa ta duniya ta kusa ƙarewa. Na ce a raina, daɗin baki ne, mu ma da shi muke sayar da masara.

Baba ya sami barci a karo na farko cikin wata biyu. Maimakon in gode, barcin na zarga. Na ga mutum biyu sun rasu cikin 'yan kwanakin nan, na ce biri ya yi kama da mutum, allurar rage raɗaɗin da ake yi musu ce take ƙarasa su. Ko juya gadonsa da nas ɗin ta yi ya fuskanci alƙibla, cewa na yi yaudara ce. Ran kwana na shida na ɗauko mota na mayar da shi garinmu Dayi, yana roƙona da in bar shi, nas ɗin tana bina da magani ina ture hannunta.

Kwana goma sha tara ya yi a gida. Mutumin da ban taɓa jin kukansa ba, maƙwabta sun ji shi ta katanga. Ana gobe zai rasu ya riƙe hannuna, ya tuna mini cewa shekara arba'in yana sauke baƙi a zaurensa bai taɓa tambayar ko ɗaya addininsa ba, ga shi rana ɗaya da ya zama baƙo ɗansa ya hana shi masauki.

Har yau maganar nan tana ci mini rai. Zato zunubi ne, ni kuwa da ubana na biya nawa. 'Yan'uwa, idan majinyacinku ya ce ya sami sauƙi a wuri, ku saurare shi, domin ciwon a jikinsa yake, ba a naku ba.