Jan Gidan Frau Radtke

Ranar Litinin, 5 ga Maris 1956, aka kawo mini Hedwig Radtke, wadda muke kira Frau Radtke, wato Malama Radtke, ofis in sa sunanta cikin ma'aikata. Ni ne akawun wata ƙaramar maɗaba'a a Lübeck, ƙasar Jamus. Ta haura hamsin, gajeriya ce, tafin hannunta duk kanta irin ta matan masunta. Da na tambayi garinsu sai ta ce, "Rubuta gabas kawai, Herr Bahnsen. Sun canja masa suna." Yaƙi ne ya koro su daga bakin tekun Pomeraniya, yankin ya fita daga hannun Jamus, kuma ba hanyar komawa.

Aikinta manna hotuna. Hotuna masu launi daban muke buga su, sannan mata su shafa gam a bayansu su liƙa a shafi da hannu. A bazarar nan muka karɓi littafi a kan Anselm Grothe, mai zanen nan da ba ya bin launin abu, sai launin da zuciyarsa ta ba shi. Aka raba hotunan, nata ya faɗo a kan wani jan gida a ƙarƙashin sararin sama ruwan ɗorawa.

Ta daɗe tana kallonsa. "Gidanmu ne," ta ce.

Timm, shugaban ɗakin manna hotuna, ya yi dariya. "Ashe a cikin gobara kika tashi, Frau Radtke?"

"Kai dai a cikin kwalbar giya ka tashi, Timm. Ga tagar ɗakinmu, ga sandar da babana ke shanya komarsa ta kamun kifi. Mai zanen nan damina biyu ya yi a ɗakinmu na sama, yana cinye mana kifi. Amma gidanmu ba ja ba ne."

"To wane launi ne?"

"Ruwan toka," ta ce a hankali, kamar mai tambaya.

Ba ta fito da hoto ko ɗaya daga gabas ba. Gidan a kanta kawai yake, ga shi yanzu kullum sai ta liƙa shi ja daga safe har yamma. Bayan 'yan makonni ta same ni lokacin shan kofi, ta ajiye burodinta ba ta ci ba.

"Herr Bahnsen, ka sa baki a canja mini hoto. In na rufe ido in je gida, jan nake tararwa. Namu yana ɓace mini."

Na yi wa Timm magana, ya ce duk wadda ke so su yi musaya. Da wata ta miƙo mata hoton shanu, sai Frau Radtke ta dafe nata tarin. "Bar shi. Ke gam kike cikawa, za ki ɓata mana taga." Haka ta ci gaba, tana liƙawa tana kau da kai.

A watan Yuli injin buga hotuna ya yi tuntuɓe, wasu hotunan suka fito ba jar tawada. Ni ke tura irinsu murhu. Da na duba sai na ga gidan ya koma fari-fari, kusan ruwan toka. Na ɗauki ɗaya na kai mata.

Ta goge hannu a riga, ta ajiye shi kusa da jan. "Launin kam shi ne," ta ce. "Amma wannan ai ba kowa a ciki."

"Wancan ma ba kowa," in ji Timm.

"Akwai. Da yamma, in rana ta daki bangon ya yi ja, lokacin ne babana ke dawowa daga teku. Mahaukacin mai zanen nan ya gani."

Ta mayar mini da farin. Da aka gama littafin, mai maɗaba'a ya bar wa kowace mace hotonta guda.

Frau Radtke ta bar aiki a 1963 saboda ciwon gaɓoɓi. Ta rasu a Lübeck cikin Nuwamba 1968, ba ta sake ganin gabas ba. Ni na taya 'yarta kwashe kayan ɗakinta. Jan gidan yana manne a bangon da ke kallon gadonta, 'yar ta ɓamɓare shi a hankali ta tafi da shi.