Ranar da Aka Kawo Mana Gudummawar Sallama

Akwai wata ranar kasuwar Gwaram da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ranar da aka yi mini sallamar da ta isa ta shekara guda, amma ko ƙullin kanwa ban sayar ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna jin muna tsokanar Manaja, ba ku san mafarin abin ba. To ga shi.

Shagonmu na magungunan dabbobi da abincinsu ne. Babban shagon yana Birnin Kudu, can Manaja, Malam Sanusi, yake zaune, wayar kasuwanci ma a hannunsa take. Ni Isiyaku aka ba wa ƙaramin reshen Gwaram, inda ni ne mai kanta, ni ne mai sito, ni ne kuma mai shara. Reshen nan da mutum ɗaya yake numfashi, wato Ardo Bello na Farin Dutse. Kowane farkon damina shi yake tattara buƙatun rugagen yankinsu, maganin tsutsa da na kaska da gishirin lasa, ya saya musu gaba ɗaya, inda ya sa ƙafa kuma nan kowa yake sawa. Hajiya mai shagon ta sha faɗa a gabana cewa ranar da Ardo ya juya mana baya, ranar za ta sa wa reshen kwaɗo. Ni kuwa lokacin ina da amarya da tsohon ciki.

Gab da daminar bara waccan aka tura Manaja bita Kano a kan tallar kaya ta waya. Ya dawo da sabuwar hula da sabon karatu. Ya tara mu ya ce zamanin dogon turanci ya wuce, mai saye ba ya da lokaci. Daga yau kowace talla a shafinmu sai da imoji, waɗannan 'yan hotunan da ake liƙawa a saƙo, kuma kalmomi a taƙaice. Sallama ta koma "Slm", amsarta "Wslm", yaya kake "Ykk", na gode "Ngd".

Wallahi mun ji daɗin abin nan kamar yara sun samu sabon ƙwallo. Buhun dusa sai mu jera masa hoton wuta uku da saniya da mai rawa. Maganin kaska kuwa har ƙoƙon kai muke sa masa, don a san kaska ta shiga uku. Kuma abin ya ci, kada wani ya ce muku bai ci ba. Samarin Wurno da Yalwan Damai masu kiwon kaji suka yi mana caa, su turo fuskar dariya mu mayar musu da biyu. Ni kaina sai da na kai ina yi wa matata saƙo da hoton tukunya idan ina tambayar abinci.

Ana cikin wannan shagali lokacin sayayyar Ardo ya zo. Na share sito, na jera kwalaye, na sa rigata mai kyau na zauna. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga wani dattijo daga rugar Ardo, da sandarsa a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara murya, ya ce, "Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu," yana jan kowace kalma kamar mai koya wa ɗalibai. Na amsa da fara'a, na miƙe zan ɗauko kaya. Sai ya juya ya yi tafiyarsa.

Na ce ƙila ya manta wani abu ne. Can sai ga biyu tare, su ma suka sauke tasu cikakkiya, suka wuce. Kafin azahar abin ya zama layi. Tsofaffi, magidanta, har da wanda na san tun da nake bai taɓa ce mini ko sannu ba. Mai shayin da ke gefena tun yana leƙe har ya bar tukunyarsa ya dawo kallo, duk wanda ya yi sallama sai ya taya ni amsawa. Da farko dariya nake har da riƙe ciki. Da na ga la'asar ta kawo kai kwalayena na nan yadda na jera su, ga mutanen kuma suna fitowa da kaya daga wani shagon maganin dabbobi da ke tsallaken titi, sai dariyar ta fara ɗaci. Tsoro ya kama ni sosai.

Inna Hari mai nono ce ta fasa mini ƙwan. Ta sauke ƙwaryarta, ita ma ta yi tata sallamar har ƙarshe, sannan ta dube ni.

Na ce, "Inna, don girman Allah me muka yi?"

Ta ce, "Ba ku yi komai ba, ɗan nan. Ardo ne ya ce sallama ta ƙare muku a shago, har kun fara gutsuttsura ta. Ya ce duk mai zuwa kasuwa ya biya ya kai muku gudummawa."

Ashe kwana kaɗan kafin nan Ardo ya tura wa wayar shago dogon saƙon murya, kamar yadda ya saba. Manaja yana tsakiyar ciniki, ya ji farkon, ya gane muryar, sai ya rubuta "Wslm" ya liƙa hoton babban yatsa a ɗage. Ardo ba ya karanta boko, sai ya kai wa limaminsu. Liman ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce wannan dai sallama ce aka datse mata kai da ƙafa, ɗayan kuwa yatsa ne. Mutanen nan kuma ba sa zuwa su yi maka hayaniya. Kunya ba za ta bar su ba. Sai dai su yi maka ladabin da zai hana ka barci.

Na kira Manaja na faɗa masa. Ya fara dariya, har na ce masa Hajiya fa za ta tambayi cinikin yau. Nan take dariyar ta ɗauke. Washegari da sassafe sai ga shi a babur da ƙwaryar goro, na hau baya muka nufi Farin Dutse, muna tafe yana ta maimaita abin da zai faɗa.

Ardo ya karɓe mu kamar bai san da wata magana ba. Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, aka kawo kindirmo. Sai da muka sha muka ƙoshi sannan ya zaro wayarsa daga aljihu, ya miƙa wa Manaja.

"Malam Sanusi, yatsan nan na wane ne?"

"Ranka ya daɗe, na waya ne. Yana nufin an gani, an yarda."

"To. Ina sauran jikin mutumin?"

Na cusa fuskata cikin ƙwaryar nono don kada dariya ta tona ni. Dattawan da ke wurin kuwa ko gezau, sai gyaɗa kai suke kamar ana shari'a.

Ardo ya ce ba komai, tunda ga mai yatsan ya zo da kansa, sai a sake sauraron saƙon, ya amsa da baki. Ya kunna. Muryarsa ta yi sallama, sai ya tsayar, ya dubi Manaja. Manaja ya amsa cikakkiya. Ya sake kunnawa: ina kwana, ina gajiya, yaya damina, yaya Isiyaku na Gwaram da iyalinsa. Kowace ɗaya sai an tsayar an amsa, har ni sai da na ba da tawa. Manaja yana zufa, hular Kano ta koma ƙeya, ni kuwa ina ta cizon leɓe.

Sai muka zo inda Manaja bai taɓa kaiwa ba. Muryar Ardo ta ce ya ji labarin mahaifiyar Malam Sanusi tana kwance, ya sa an yi mata addu'a a masallacinsu, kuma ya ajiye mata man shanu da zuma, a faɗa masa ranar da za a aiko a karɓa. Maganar magani ma a can ƙarshe take, jimla ɗaya tak.

Manaja ya sunkuyar da kai, na ga idonsa ya kawo ruwa. Da ƙyar ya ce, "Baba, ta samu sauƙi. Allah ya saka da alheri. Ban ji nan ba, wallahi ban ji ba."

Ardo ya ce, "Na sani. Shi ya sa na ce a kunna."

Ya sa aka fito da man da zumar, aka ɗaure mana a babur. Da za mu tashi ya dube ni ya ce, "Isiyaku, kada ka taɓa kwalayen nan, jibi muna tafe." Ban san lokacin da na rungume Manaja ba, har babur ɗin ya nemi faɗuwa. A hanya muna dariya muna share ido, zuma na zuba a rigata mai kyau, ban damu ba.

Ba mu daina imoji ba. Je ku duba shafinmu, saniya na nan tana rawa, samarin kaji kuma suna ta turo wuta. Amma tun daga ranar muka kafa doka: duk saƙon murya sai an ji shi har ƙarshe, kuma wanda ya gaishe mu da baki, da baki za a amsa masa, ko layi ya kai titi. Abin da na koya shi ne, makiyayi ba kwalbar magani yake zuwa saye ba kawai. Dukiyar gidansu kaf yake ɗora wa a kan maganarka, kuma ba zai ba da lafiyar garkensa ga wanda ya kasa tsayawa ya ji gaisuwarsa ba. Don haka idan wayar nan ta zo hannunku kuka ga dogon saƙon dattijo, ku nemi kujera ku zauna. Abin da ya fi muhimmanci yakan zo ne bayan kun ɗauka an gama.