Mai Kama Ɗaya Bakin Zani

Gwaggona wanki ne sana'arta. Zannuwan gadon wani masaukin baƙi take wankewa, manya-manya, farare tas. In ta shanya su iska ta shiga tsakaninsu, sai tsakar gidan ta koma kamar mafarkinta ake yi. Inuwar mutum ta gifta a bayan zani ba ka san ko wane ne ba, ƙamshin sabulu na sa ka gyangyaɗi da rana tsaka.

Jiƙaƙƙen zanin gado ba ya matsuwa a hannun mutum ɗaya. Sai biyu, kowa ya kama baki ya murɗa damansa. Mai kama wa Gwaggo ita ce maƙwabciyarta mai sayar da gawayi, wadda muke kira Mai Tsaki. Shekara da shekaru ba sa ga maciji, tun wani faɗa kan magudanar ruwa. Amma kullum da hantsi sai ta shigo ba gaisuwa, ta ja tsaki, ta kama bakin zani. Da yamma Gwaggo ta je ta kama mata buhu.

Sai Mai Tsaki ta kwanta, ɓarin jikinta ya shanye. Gwaggo ta sa jikokinta biyu matsa, su kuwa ja'irai suka mai da abin gasar ja, kowa so yake ya kayar da ɗan'uwansa, zani ya sha ƙasa. Wanki ya riƙa makara, yana warin danshi. Manajan masauki ya aiko cewa in aka sake, wani zai ba aikin.

Na yi ta bambami, Gwaggo ta hana ni.

"Ƙyale su, ɗiyata. Yaro bai taɓa tsayawa da kaya shi kaɗai ya rasa mai kama masa ba. Mu da muka taɓa, ko da maƙiyi ne ba ma sakar masa bakin zani."

Ana gobe kai wanki, wata inuwa ta taho a bayan shanya, a hankali, tana jan ƙafa. Mai Tsaki ce. Ta zauna a kujera, ta naɗe bakin zani a hannunta mai lafiya. Gwaggo ta murɗa, ruwa ya tsiyayo.

Mai Tsaki ta tattara leɓe za ta ja tsakinta, karkataccen bakin ya ƙi. Ta sake gwadawa, iska kawai ta fita. Tausayi ya kama ni har na kau da kai.

Gwaggo ta dube ta, ta ja mata tsakin, dogo. Sannan ta miƙa mata zani na biyu.