Gonar da Muka Nome a Bayan Rikoto

Ni ce na ce na san hanya. Gara in fara da wannan, domin har yau in matan zumuntarmu suka tashi tsokanata, da shi suke farawa.

Da damina ne wata gwauruwa a cocinmu ta kwanta da ciwon ƙafa, ciyawa na neman cinye mata dawa. Dawar nan kuwa ita ce abincinta na shekara. Fasto ya yi sanarwa, mu matan zumunta muka ce mun ɗauki aikin. Amma kafin ranar sai da muka yi ta musu a kan ko da anko za a je, don a gane mu. Aka je da anko. Noma da anko, jama'a!

Na shige gaba, fartanya a kafaɗa, har bayan Rikoto, na nuna wata gona mai ɗorawa a tsakiya. Wata ta ce anya ba ta gaba ba ce? Na ce ta rufe mana baki, ni da na sha zuwa nan. Muka duƙa muna waƙa har rana ta take, muka bar gona fes.

Muna shan kunu sai ga mai gonar. Wani tsohon soja ne da ya daina zuwa coci tun ranar da wata mai baki ta ce masa, a gaban jama'a, warin burkutunsa ya ishe mu, ya koma benci na baya. Mai bakin nan ni ce. Ya dube mu, ya dubi gonarsa, ya yi godiya, sannan ya nuna mana ta gwauruwar can gaba, ciyawa har gwiwa. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Baya ya riga ya ƙage, kowa ta ce sai gobe. Gobe kasuwa, jibi biki. Ba wadda ta koma, har ni.

Ran Lahadi aka kawo gwauruwar a babur. Ta miƙe da sandarta ta ce an nome mata gona tas, Allah ya saka wa zumunta. Aka yi tafi, aka rangaɗa guɗa. Muka sunkuyar da kai, fasto ya ɗauka tawali'u ne har ya ƙara mana da yabo.

Ana tashi na nufi gidan tsohon sojan, don zuciyata ta ba ni aikinsa ne. Na tarar da shi a zaune, tafin hannunsa duk bororo. Kwana uku ya yi yana noman gonar gwauruwar shi kaɗai. Na durƙusa na ce, "Baba, ka bari in faɗa a coci." Ya ce sam, in bar maganar. Bakin nan nawa dai bai daddara ba, na ce to ai mu ma mun yi masa, an yi kunnen doki ke nan. Ya yi dariya har da tari.

"'Yata, ku ɓatan kai kuka yi," in ji shi. "Ni na san gonar da na shiga."