Takalman Sa'adiyya a Ƙofar Kurɗuba

A shagon wani mai aski a unguwar Anbariyya ta Madina na fara ganin hoton a jikin kalanda: ginshiƙai a jere, kawunansu ja da fari kamar an sa musu lalle. Mai askin ya ce Kurɗuba ce a ƙasar Sifen, masallaci ne a dā, yanzu babbar majami'ar Kirista. Ni da littattafan soyayya suka cinye wa kai, nan take na hango kaina tsaye a wurin, Sa'adiyya na kallon hotona tana hawaye.

Sa'adiyya 'yar mai sayar da takalma ce a Uhudu, haifaffiyar Madina. In na yi mata Hausa, da Larabci take amsawa. Na daɗe ina zuba mata kalaman littafi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da ta ji maigidan da nake wa tuƙi zai tafi da ni hutu Sifen don ɗaukar kaya, sai ta miƙo mini fararen takalma sababbi. Ran nan kam, da Hausa ta yi mini magana: "Ka dawo da su a ƙafarka, sai ka zo ka ga Baba."

Madina zuwa Madrid

Mun tashi bayan sallar asuba. A hanyar Jidda askarin shinge ya duba igamata, wato takardar izinin zama, ya kalli takalman, ya tambaya ko ango ne. Na ce saura ƙiris. A jirgi ban ci komai ba sai burodi, don tsoron miya ta ɗiga musu.

Kurɗuba

Kashegari jirgin ƙasa ya sauke mu da hantsi. A bakin ƙofar na ga Turawa suna kutsawa da takalmansu, na ce a raina ba su da tarbiyya. Na tuɓe nawa, na jera su a gefe kamar yadda na saba a masallacin unguwa.

Ciki sanyi da duhu, ginshiƙan sun fi na kalanda. Ina tafe ina tsara jawabin da zan yi wa Sa'adiyya, sai ga ni a tsakiyar majami'ar, ga gicciye, ga kyandirori. Wani mai gadi ya ga ƙafata babu takalmi, ya zaci salla zan tayar, ya riƙa bina yana kaɗa yatsa. Matar maigida ta ɗauke ni hoto a gurguje muka fito.

Takalma sun ce ɗauke mu inda ka ajiye. Maigida ya tambayo, aka ce wataƙila mai shara ya kwashe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya saya mini silifa.

Komawa gida

Alhamdu lillahi, mun sauka lafiya. Na yi niyyar cewa 'yan fashi ne suka tare ni, amma hoton ya tona ni: ga ni tsaye da safa mai huji, ga mai gadi a bayana. Sa'adiyya ta daɗe tana kallo. Hawayen da na yi mafarki sun zubo, amma na dariya ne.

"Miskin," ta ce. "Wannan in an bar shi shi kaɗai, kansa ma zai yar. Je ka ga Baba."

Yau 'ya'yanmu huɗu, rumfar Baba kuma ita ke riƙe da ita. Har yanzu ban taɓa fita salla ba tare da ta cusa mini ledar saka takalmi a aljihu ba.