Gwiwar Keziah Tranter

Ni ne magatakardan cocin ƙauyenmu, ni ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Jiya na rubuta mutuwar Keziah Tranter mai wankau, na ga layi ɗaya ya yi mata kaɗan.

Gidajen ƙauyen nan duka na Harbottle ne, mai gonaki. Idan keken dokinsa ya nufi coci ran Lahadi, maza su cire hula, mata su rusuna. Keziah kuwa sai ta tsaya ƙiƙam ta ce, "Wa? Wannan da na wanke wa tsumman kashi yana jariri?"

Limamin coci yakan kira ta malapert, tsohuwar kalma ce da ya ce daga Faransa ta tsallako: mai baki sake, ba tsoro ba ladabi. Da ta ji sai ta ce, "Ashe har Faransa ina da dangi."

Sai mijinta Amos, makiyayin tumakin Harbottle, ya faɗi ya karye a ƙugu. Wakilin gonar Harbottle ya je gidansu, ya tafi da ni shaida.

Ya ce, "Baba Keziah, gidan nan na ma'aikaci ne, Amos kuwa ya gama aiki. Maigida zai bar ku, amma ran Lahadi yana son ya ga gwiwar nan taki ta lanƙwasa."

Keziah ta ce, "In ta ƙi fa?"

"Sai gidan gajiyayyu."

A can raba ma'aurata ake yi, maza gefe, mata gefe, da katanga tsakani.

Amos ya ɗago daga gado. "Kezi, kar ki yi don ni, tsohuwar banza."

"Rufe mana baki, gurgu. Wa zai riƙa juya ka a can?"

Ran Lahadi ta fito bakin hanya, da keken Harbottle ya zo wucewa ta rusuna. Duk muka sunkuyar da kai. Amma dawakan ta kalla, ta ce da ƙarfi, "Sannunku da ɗaukar kaya!" Harbottle ya yi kamar bai ji ba, tunda gwiwa ta lanƙwasa.

Haka ta yi ta yi kowace Lahadi har Amos ya rasu. Muka ɗauka yanzu za ta miƙe. Amma tsufa ya zo, ba ɗa ba jika, ba inda za ta. Ta ci gaba da rusunawa. Dawakan ma ta daina gaishe su.